Ba Mai Ƙwace Wa Malam Ƙwallo

Makarfi, watan Nuwamba

Zuwa ga Kulu 'yar Kawu, sarauniyar bene,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Usmanu da iyalinsa da jikoki. Ya baƙunta? Ko da yake wadda ta daɗe a Legas kamarki ta wuce a ce mata baƙuwa, sai dai a ce ta gudu. Mu nan alhamdu lillahi. An gama da masara, an shiga yankan rake, gari duk ƙanshin mazarƙwaila. Jikina da sauƙi, in ban da gwiwa da kunne.

Kunnen ne ya sa kika ga takarda. Rannan da kika kira, na kara waya a kunne, ban ji komai ba sai wani zuuu kamar ƙudan zuma a tulu. Na yi ta cewa na'am, na'am, alhali na san zagina kike yi, tunda ba abin da kika iya sai shi. Iliyasu direba, mai kai rake can wajenku, ya ce zai riƙa kai miki wasiƙa yana karɓo amsa. Ni na koya miki rubutu a zauren Kawu a Kurmin Kogi, yau ga ranar amfaninsa.

To ga labari, ki zauna kafin ki karanta kada ki faɗi. Na koma buga ƙwallo.

Kin tuna Ukasha, malamin asibitin nan da ya yi ritaya bara? Shi ya gani a waya, wai a wasu ƙasashe tsofaffi suna buga ƙwallon ƙafa amma da tafiya. Ba gudu. Wanda ya ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa lokaci guda, alƙali ya hura masa usur. Ƙwallo ba ta wuce tsayin kai, ba ture, ba bangaza. Sai ya bi duk waɗanda ya saba auna wa hawan jini da suga, ya tara su a filin firamaren da na yi hedimasta, kowace Asabar da hantsi. Ni ma ya zo har gida ya durƙusa ya ce in zo in sa albarka. Na je sa albarka, na ga ƙwallo, ƙafa ta ƙi zama.

Da kin ganmu da kin yi dariya har kin shaƙe. Wani ya naɗe jallabiya ya soke a wando, wani da silifas, Sadiƙ tela kuwa ya ɗinko wa kansa gajeren wando mai aljihu huɗu. Ɗayyabu mai shayi shi ne gola, tumbinsa kaɗai ya tare rabin raga. Duk cikinsu ba wanda ban yi wa bulala ba a aji, ga su yau da furfura da jikoki.

Kuma ki saurara da kyau. Tun da muka fara ba a taɓa ƙwace min ƙwallo ba, ko sau ɗaya. In na ɗauko ta daga tsakiyar fili, hanya buɗewa take yi har bakin raga. Ɗayyabu bai taɓa kama tawa ba. Ki sanar da mutanen Legas.

In an tashi su kan wuce teburin shayi, ni in dawo gida. Gidan dai kin san yadda yake tun rasuwar mai ɗakina Azumi. Na daina korar kaji daga falo, ko ba komai a ji motsi. Amma 'yata Jamila ta turo saƙo daga Abuja cewa za ta kawo min yara hutun ƙarshen shekara. Na sa an share ɗakin uwarta, an wanke gidajen sauro.

Ubangidanki ko kin ƙi ko kin so,
Inuwa

*

Agege, watan Disamba

Zuwa ga bawana Inuwa, kurman Makarfi,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji kuna lafiya, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Kunnen kuwa ban yi maka jaje ba, da can ma ba ka jin magana. Mu nan lafiya lau, sai zafi da hayaniya. Usmanu da matarsa Wasila suna gaishe ka.

Kafin komai, gyara sa hannunka. Ubana namiji, uwarka ƙanwarsa. Tun yaushe ɗan mace ya zama ubangida? Ritaya ta taɓa maka kai.

Maganar ƙwallo kuwa, wallahi na yi dariya har maƙwabciya ta buga bango. Kai da ko akuyar Inna ba ka iya kamawa ba kana da ƙuruciya, yau kai ne gwanin Makarfi? Lallai garin ya lalace. Na dai ji daɗi har raina, ba zan ɓoye maka ba. Na karanta wurin wandon Sadiƙ tela ya fi a ƙirga.

Ka ce min sarauniyar bene, ba ka yi ƙarya ba. Bene hawa uku, ni ce a can ƙoli. Usmanu da Wasila su fita tun duku-duku, yara su tafi makaranta, a ja ƙofa a kulle saboda tsaro. Ni kuma an ba ni babban muƙami, gadin taga. Ba motar da za ta wuce ban duba lafiyarta ba. Jikokin in sun dawo Turanci suke yi min, in yi musu Hausa, kowa ya gyaɗa kai a rabu lafiya. Usmanu ya ce Hajiya, matarsa ta ce Mama, yaran kuma da wani suna nasu da ban iya faɗa ba. Ka ga sarauta ke nan.

Jamila ta kira ni shekaranjiya hankalinta a tashe, wai Baba ba ya jin waya, tana tsoron kaɗaici ya yi masa yawa. Na ce ke yarinya kwantar da hankalinki, ubanki ya zama ɗan ƙwallo, abokai gare shi cike da fili, ba mai iya tare shi. Na karanta mata layin nan naka. Ta yi ta dariya tana hamdala, ta ce na sauke mata dutse daga ƙirji. Ka ga na yi maka talla kyauta.

Ka leƙa Yayana Bobbo kuwa kwanan nan? Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba na samun labarinsa sai ta bakin 'ya'yansa, su kuma kullum da sauƙi, da sauƙi. Kurmin Kogi ba Makka ba ce, ka daure.

Uwargijiyarka,
Kulu

*

Makarfi, watan Janairu

Zuwa ga Hajiya Kulu,

Assalamu alaikum. Da fatan Hajiya tana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Muna nan lafiya, sai sanyi.

Na samu wasiƙarki, na gode. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Jamila ba ta zo ba. Ta turo saƙo cewa tunda kin tabbatar mata ina cikin jama'a kuma ina jin daɗi, za su kai yaran wajen dangin mijinta a wannan hutun, ni sai wani karon. Ta yi daidai, su ma suna da haƙƙi. Na sa an naɗe gidajen sauron an mayar akwati.

Alhaji Bobbo na je na duba shi tun farkon ciwon. Allah ya ba shi lafiya.

A gaida Usmanu da mai ɗakinsa. Allah ya saka da alheri.

Malam Inuwa

*

Agege, watan Janairu

Inuwa,

Salamu alaikum, muna lafiya, ina fata kana lafiya. Na gama gaisuwa.

Wace ce Hajiya? Wane ne kuma Alhaji Bobbo? Iliyasu ya zo garin nan ya koma, ya sake zuwa ya koma hannu rabbana, ina leƙensa ta taga kamar mai jiran haihuwa. Da ya kawo kuma sai ga takarda kamar ta ofishin ilimi. Na juya bayanta ina neman zagi ko guda ɗaya, babu. Ban iya cin tuwon dare ba.

Tun muna yara ban taɓa jin ka ce min na gode ba. Ranar da na haifi Usmanu cewa ka yi yaron ya yi sa'a bai ɗauko hancina ba. Ranar da mahaifinsa ya rasu, da ka zo gaisuwa kowa na kuka, ka sunkuyo ka ce min bawan Allah ya huta da surutu. Ita ce dariyar farko da na yi a cikin takaba, kuma ita ta riƙe ni. Yau kai ne da Allah ya saka da alheri?

In maganar Jamila ce, na ji, bakina ne ya jawo. Amma ba ƙarya na yi maka ba, abin da ka rubuta na faɗa. Kai ka ce hanya buɗewa take yi maka. Kai ka ce in sanar da mutanen Legas. In akwai abin da ban gani ba a takardar nan, ka faɗa min da Hausa. Ni aji uku na yi a zauren Baba, kuma malamin nawa ba wani gwani ba ne.

Kada ka sake turo min Hajiya. Ina da masu ce min haka a nan, sun ishe ni.

Kulu

*

Makarfi, watan Fabrairu

Kulu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, gwiwa ma ta lafa tunda na daina wahalar da ita. Ina gaida mutanen gidan.

Kin ce in faɗa da Hausa, to ga ta. Na daina zuwa ƙwallon. Kuma ba laifinki ba ne, cika bakina kika karanta, ni ma lokacin da nake rubutawa na so in yarda da shi.

Asabar ɗin da ta biyo bayan saƙon Jamila na je fili raina ba daɗi. Aka ba ni ƙwallo, na taho da ita, hanya ta buɗe kamar kullum. Da na iso kusa da raga sai na tsaya. Na tura ƙwallon gaba kaɗan, na janye ƙafata, na goya hannu a baya. Ga ƙwallo a ƙasa ba mai ita, ga mutanen ɗaya ɓangaren sun kewaye ta. Kulu, ba wanda ya motsa. Ukasha da ke alƙalanci ya sunkuyar da kai yana duba usur ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Can sai Sadiƙ tela ya rusuna, ya nuna min ita da hannu biyu, ya ce, "Malam, ga ƙwallonka."

Na ce, "Ku ɗauka mana! Ba wasa muke yi ba?"

Ya ce, "Haba Malam, wane mu. Allah ya tsare mu da ɗaga ƙafa a gabanka."

Sai na buga ta a hankali, saitin tumbin Ɗayyabu, bugun da ko jaririya za ta tare. Mutumin nan ya yi tsalle gefe kamar ya ga maciji. Ta gangara ta shiga, suka hau tafi suna Malam ya ci, Malam ya ci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga nan idona ya buɗe. In ƙwallo tana can nesa da ni, ina hango su suna ture juna a ɓoye, suna musu, Sadiƙ yana ce wa wani mai ƙafar agwagwa, suna dariya har da riƙe ciki. Ina matsowa sai kowa ya gyara tsayuwa, dariya ta ɗauke, daidai yadda aji yake yi in na shigo da bulala. Rannan na daure na bi su teburin shayi. Suka miƙe gaba ɗaya suka bar min benci ni kaɗai, aka kawo min kofi mai marfi, aka yi tsit har na shanye. Ina juya baya na hango kafaɗunsu sun sauka.

Ba mugunta suke yi ba, na sani. Ni na koya musu hakan, kuma iyayensu sun gode min a lokacin. Amma ni ban je filin nan don a girmama ni ba. Girma ina da shi a gida, ya cika ɗakuna, ba ya magana.

Kin san abin da na rasa? Wanda zai ce min ƙarya nake yi. Azumi ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, amma kullum sai ta ƙaryata ni, ko a kan gishirin miya ne. Sa'annina na garin nan duk na raka su makwanci. Yanzu duk abin da na faɗa sai a ce haka ne Malam. In na ce rana daga yamma take fitowa, za a ce Malam ya fi mu sani. Rabon da in ji wani ya buɗe baki ya ce Inuwa, har na manta. Ina jin kaɗaici, Kulu, mai tsanani, kuma na fi jinsa a tsakiyar filin nan fiye da cikin ɗakina.

Ukasha ya zo ya durƙusa yana tambaya ko sun yi min laifi. Na ce gwiwa ce. Ya ce haka ne Malam.

Inuwa

*

Agege, watan Fabrairu

Bawana,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Wasila ta yi zazzaɓi amma ta warware. Na karanta takardarka a bakin taga, na kuma karantawa, sannan na share hawaye da bakin zane. Ka yafe min maganar Jamila. Na faɗa sau ɗaya, kada ka saba.

Yanzu gyara zama, don ba lallashinka zan yi ba.

Na kira Yaya Bobbo. Da ƙyar ɗansa ya kai masa wayar, da ƙyar ya karɓa. Na ce masa kurman Makarfi yana can kaɗaici zai kashe shi, kai kana nan kwance kamar buhun gero. Can ya ce, "Inuwa ai ya riga ya yi min sallama."

Na ce wace irin sallama? Ya ce da ciwon ya same shi ka zo, ka cire takalmi tun daga waje, ka zauna a gefen tabarma ka tanƙwashe ƙafa kamar liman. Ka ce sannu Alhaji, ya jiki Alhaji, Allah ya sa kaffara ne. Ka yi doguwar addu'a, ka shafa, ka tashi. Ya ce tun da ka shigo yake jira ka ce masa rago, ko ka ce bakin nan da ya karkace ya fi kyau a haka. Ba ka ce ba. Ya ce likita ya gaya masa zai tashi, 'ya'yansa sun gaya masa zai tashi, amma da ya ga taubashinsa ya zo yana yi masa ladabi, sai ya san ta ƙare. Tun ranar ya juya fuska bango. 'Ya'yan sun ce ƙafar tana ɗaukarsa in ya dafa sanda, shi ne dai ya ƙi fita ko ƙofar gida.

Ka ji. Ba ina cewa ka yi da gangan ba ne, tausayi ne ya kama ka, ni ma da na gan shi a lokacin wataƙila haka zan yi. Amma abin da su Sadiƙ suke yi maka da ƙwallo, shi ka kai wa Yayana har ɗaki.

Mu uku muka rage a cikin jikokin gidan nan da za mu iya zagin juna ba a kai mu gaban mai unguwa ba. Ɗaya tana bene a kulle. Biyun kuma tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a ci goro a gama ba, kowa ya zauna yana jin tausayin kansa. Wallahi ku biyun kun ba ni haushi.

Ka hau mota ka je. Kada ka kai masa lemo, kada ka kai masa addu'a, yana da masu yi masa. Ka san abin da za ka kai.

Uwargijiyarka har gobe,
Kulu

*

Makarfi, watan Afrilu

Zuwa ga mai gadin taga,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Usmanu da Wasila da Turawan jikokinki. Muna lafiya, zafi ya sauka sosai, kowa na duban gabas. Kin ga shiru, to wannan karon ba fushi ba ne, jira na yi labarin ya nuna kafin in tsinko miki.

Na je Kurmin Kogi. Na tarar da shi a zaure, fuska a bango, ya rame har ya ba ni tsoro. 'Ya'yansa suka taso da tabarma da fura, ana sannu da zuwa Baba. Kulu, saura kaɗan in sake tanƙwashe ƙafa, don abin da na gani ya karya min zuciya. Sai na tuna bakinki. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya na ce, "Ina ragon nan da aka ce ya mayar da tabarma gona?"

Yaran suka daskare. Babban har ya buɗe baki. Bobbo bai juyo ba. Na ce, "An ce ɓari ɗaya ya daina aiki. Na ce to ai da sauƙi, ɗayan ma tun da can ban ga aikin da yake yi ba."

Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Ya juyo a hankali, ya lalubi ludayin furar da aka kawo min, ya wurgo min da hannun mai lafiya. Ya same ni a goshi, saitinsa na makiyayi yana nan. Ya ce, da ƙarfi yadda zan ji, "Wa ya bar kurman nan ya shigo min gida?" Muka yi dariya har ta koma wani abu daban, yaran suka fita suka ba mu wuri.

Na kwana biyu a can. Na ba shi labarin ƙwallo, na ce ba a taɓa ƙwace min ba. Ya ce ƙarya nake. Kin ji daɗin da na ji? Ya ce ko da ƙafa ɗaya sai ya raba ni da ita. Daga ranar ya fara fita, yau ƙofar gida, gobe gindin tsamiya, jibi masallaci, wai yana atisaye.

Asabar ɗin da ta wuce ɗansa ya kawo shi a kan babur. Ukasha ya auna shi, ya ce zai iya, amma ya riƙe sandarsa kuma ya tsaya a baya. Aka sa shi ɓangaren su Sadiƙ. Ni kuma da suka ga na dawo, aka yi ta durƙuso ana Malam ya gwiwa.

Aka fara. Ƙwallo ta zo min, na taho. Hanya ta buɗe, wannan ya matsa, wancan ya kauce. Sai ga mutum ɗaya a tsakiya bai matsa ba, ya dogara sanda, baki a karkace, yana kallona kamar na shigar masa gona. Na ce bari in yi masa yankan da nake yi masa muna yara da ƙwallon tsumma. Na karkata dama, na koma hagu. Gwiwa ta ce ba da ita ba. Shi kuwa ya jingina da sandar, ya miƙo ƙafar mai lafiya, ya zare ƙwallon a hankali kamar mai zare kuɓewa daga miya. Na nemi ƙasa na samu, zaune daɓas.

Fili ya ɗauki salati. Suka yo kaina gaba ɗaya, har da gudu, ba wanda ya tuna doka. Sai Bobbo ya daka musu tsawa, "Kada wanda ya taɓa shi!" Ya dube ni ya ce, "Inuwa, tashi! Goggo ba ta nan balle ta ɗaga ka. Tashi, malamin banza!"

Kunnen nan da ba ya jin waya, ya ji kowane harafi. Ina zaune a ƙasa, ƙasa a wando, hula a gefe, na kama dariya har hawaye. Su Sadiƙ suka tsaya suna kallon juna, ba su san ko su yi kuka ba. Ɗayyabu ne ya fara, dariya ta ƙwace masa, ya toshe baki da hannu biyu yana astagfirullah.

Kafin a tashi na sake samun ƙwallo na buga. Ɗayyabu ya kama. Ya tsaya rungume da ita ido waje, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, hannu ne ya yi." Bobbo ya ce masa, "Riƙe abinka, yaro, bulalar ta daɗe da karyewa." A teburin shayi Bobbo ya ture ni ya zauna a bencina, ya shanye rabin kofina. Ba su saki jiki duka ba, amma an yi hira ina zaune.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru, kuma kada ki kira Jamila ki yi min talla. Bobbo ba zai iya zuwa kowane mako ba, hanya tana wahalar da shi, in damina ta sauka kuma sai yadda hali ya yi. Sadiƙ har yanzu kaucewa yake yi. Gida yana nan yadda yake, ni da kaji. Amma ina da ƙujewa a gwiwar hannu, kuma wallahi ina ta dubanta kamar lambar yabo.

Saura magana ɗaya. Da muke gindin tsamiya Bobbo ya ce ranar da kika kira shi kin zage shi tas, sannan ya ji kina jan hanci. Ya ce kin tambaye shi ko tsamiyar tana nan, ko har yanzu mata suna daka a gindinta. Ni kuma da kika rubuto min gadin taga dariya na yi, na ce Kulu ba ta rabuwa da shaƙiyanci. Ashe ke ma cika baki kika yi min, na karanta na wuce.

Na rubuta wa Usmanu takarda daban, Iliyasu zai ba shi hannu da hannu. Na ce ya kawo ki ki yi mana damina, in ya ƙi in zo da Bobbo da sandarsa. Ban san abin da zai ce ba. Akwai darbejiya a bakin fili, na sa an ajiye benci a gindinta. Ba buga ƙwallo za ki yi ba, zama za ki yi ki zage mu, mu biyun, da ƙarfi yadda zan ji.

Kafin nan ga abin da zan iya aiko miki a motar rake. In sun fita sun kulle ƙofa, ki je bakin tagar ki karanta wannan layin a bayyane, da irin muryata.

Kulu. Kulu mai hancin Kawu. Kulu, sauko ki buɗe, ni ne.

Bawanki, na yau kaɗai,
Inuwa